Zaizayar Ƙashi a Jikin Mata: Abin da Rayuwar Masaka Ke Nunawa

A ranar 20 ga watan Oktoba na kowace shekara ake bikin Ranar Zaizayar Ƙashi ta Duniya, wadda aka fara a Ingila a shekarar 1996, kafin Gidauniyar Zaizayar Ƙashi ta Duniya ta karɓi ragamarta a 1997. A Najeriya ranar takan zo ta wuce ba tare da an ji ɗuriyarta ba, domin har yanzu mutane da dama na kallon cutar a matsayin ta tsofaffin matan Turai.

Alƙaluman gidauniyar sun nuna cewa a faɗin duniya mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta samu karaya saboda raunin ƙashi, yayin da a maza adadin yake ɗaya cikin biyar. Abin tambaya shi ne, yaya wannan lissafi yake shafar mace a gari irin Masaka, da ke Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a kan babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, inda dubban ma'aikata da 'yan kasuwar Babban Birnin Tarayya suke kwana?

Idan aka bi abubuwan da ke jawo cutar ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa mafi yawansu suna nan cikin rayuwar yau da kullum ta matan wannan yanki, kuma ana iya gano su da tambaya kawai, ba sai an jira na'ura mai tsada ba.

Yadda ƙashi ke ginuwa da yadda yake zaizayewa

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, ta yadda cikin kimanin shekara goma ƙasusuwan baligi sukan sabunta gaba ɗaya. Kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora ne. Duk lokacin da abinci ya gaza samar da kalsiyam ɗin da zuciya da jijiyoyi ke buƙata, sai jiki ya koma ya ɗebo daga ƙashi.

A lokacin ƙuruciya gini ya fi rushewa yawa. Yarinya takan tara kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta kafin ta kai shekara 18, sannan ginin ya kammala wajajen shekara 30. Daga nan sai a fara cin abin da aka tara. Zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, ita ce matakin da cikin ƙashi ya zama rami-rami kamar katakon da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki babu ƙwari.

Cutar ba ta zuwa da zazzaɓi ko ciwo a farkonta. Sau da yawa alamar farko ita ce karaya a wuyan hannu, ko kwatangwalo, ko ƙashin baya, bayan faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, kamar zamewa a banɗaki ko tuntuɓe a bakin ƙofa. Ranƙwafawar da ake gani ga wasu tsofaffin mata, ana cewa tsufa ne, tana iya zama sakamakon ƙananan karaya a gaɓoɓin ƙashin baya. Raguwar tsayi da santimita 4 ko fiye alama ce da ya kamata a kai wa likita.

A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin da ake amfani da shi har yau. Ana auna kaurin ƙashi da na'urar DXA, a kwatanta shi da na matashiya mai lafiya. Makin da ya faɗa tsakanin -1 da -2.5 yana nufin ƙashi ya fara rauni, -2.5 ko ƙasa da haka kuwa yana nufin zaizaya ta kama.

Me ya sa aka daɗe ana cewa cutar ba tamu ba ce?

Wannan zato yana da tushe. Wani bincike da aka wallafa a 1991, wanda ya kwatanta karayar kwatangwalo da ta wuyan hannu a Ibadan da ta Ingila, ya gano cewa karayar ta yi ƙaranci ƙwarai a Ibadan. A 1996 masu bincike a ƙauyukan Gambiya sun ba da rahoton cewa ƙasusuwan tsofaffin mata ba su da kauri, amma ba a cika samun karaya ba.

Sai dai rayuwar da aka auna a wancan lokaci ta sauya. Matan da aka bincika a Gambiya manoma ne, masu wuni a rana, masu doguwar tafiya da kaya. Haka iyayen matan Gbagyi na yankin Karu suka rayu, suna noma, suna ɗaukar itace da doya a kafaɗa. Irin wannan aiki yana ƙarfafa ƙashi da tsoka, yana kuma rage yawan faɗuwa. Jikokinsu da baƙin da suka cika Masaka, Ado, Sabon Nyanya da Mararaba a yau, da yawansu suna fita kafin fitowar rana, su shafe sa'o'i a cunkoson mota, su wuni a zaune a ofis ko shago, su dawo bayan magariba.

Abu na biyu shi ne yawan tsofaffi yana ƙaruwa. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa adadin masu shekara 60 zuwa sama a Afirka zai ninka kusan sau uku tsakanin 2020 da 2050. Abu na uku kuma, lissafin asibiti ba ya ɗauke da duk wanda ya karye, domin mutane da dama wajen masu ɗorin gargajiya suke nufa. Tsohuwar da ta karye a kwatangwalo, aka ɗora ta a gida, ta kwanta har rai ya yi halinsa, ba ta shiga kundin kowa.

Ƙarancin kalsiyam tun daga yarinta

Hujja mafi ƙarfi a kan matsalar abinci daga maƙwabciyar Nasarawa ta fito, wato Jihar Filato. A 1999 wata tawaga ƙarƙashin Dokta Tom Thacher ta wallafa sakamakon binciken da ta yi a Jos a kan yara 123 masu fama da laushin ƙashi, cutar da ke lanƙwasa ƙafafun yara. An gano cewa yaran ba sa samun fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Daga baya tawagar ta gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa, shi ma ya yi aiki.

Idan aka kwatanta wancan adadi da abin da masana a Amurka suka tsayar a 2011, za a ga girman giɓin: miligiram 1,300 a rana ga 'yan shekara 9 zuwa 18, miligiram 1,000 ga mata 'yan 19 zuwa 50, sai 1,200 ga waɗanda suka haura 50. Abincinmu ya dogara ne a kan masara, dawa, gero, shinkafa, doya da rogo, waɗanda kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Hatsi kuma yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe kalsiyam a hanji ya hana jiki amfana da shi, ko da yake jiƙawa da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, suna rage ƙarfinsa. Yawan gishiri da dunƙulen ɗanɗano su ma suna ƙara fitar da kalsiyam ta fitsari.

Tsadar rayuwa ta ƙara dagula lamarin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota daga Masaka zuwa cikin Abuja ya yi tashin gwauron zabo, kuma a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Idan aljihu ya matse, madara da kifi ne sukan fara fita daga tukunya, kuma a gidaje da yawa uwa ce ta ƙarshe wajen cin abinci. Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 12 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da rama fiye da kima, rama kuwa tana cikin manyan abubuwan da ke raunana ƙashi.

Duk da haka maganin ba duka ba ne yake da tsada. Kofi ɗaya na madara ko nono yana ba da kimanin miligiram 300. Kuka, zogale, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, busasshen jatan lande, tamba da riɗi duk suna ɗauke da kalsiyam mai yawa. Jihar Nasarawa tana sahun gaba wajen noman riɗi a Najeriya, amma mafi yawansa ƙasashen waje ake fitar da shi.

Ga rana, ga ƙarancin bitamin D

Jiki ba ya iya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. An daɗe ana ɗauka cewa wannan ba matsalar Afirka ba ce. Amma wani nazari da ya tattara bincike daga sassan nahiyar, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin uku a Afirka yana da ƙarancin bitamin D, kuma matsalar ta fi yawa a birane da tsakanin mata.

Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana kafin ta samar da bitamin ɗin, kuma hasken da ya ratso ta gilashin mota ko tagar ofis ba ya yin wannan aiki. Ma'aikaciyar banki da matar da ke zaune a gida duk suna iya faɗawa cikin matsala guda. A tsohon ginin Hausa tsakar gida tana ba mace damar shan hantsi ba tare da ta fita ba, amma ɗakunan haya da ke cunkushe a unguwannin gefen Abuja ba duka ne suke da wannan fili ba.

Ɗaukewar al'ada, haihuwa da shayarwa

Babban dalilin da ya sa cutar ta fi kama mata shi ne sinadarin istirojin, wanda ke taka wa rushewar ƙashi birki. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin yakan yi ƙasa, kuma mace tana iya rasa har kashi 20 cikin 100 na kaurin ƙashinta cikin shekara biyar zuwa bakwai. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, ko aka cire mata jakunkunan ƙwai a tiyata, haɗarinta ya fi yawa. Haka nan wadda mahaifiyarta ko mahaifinta ya taɓa karyewa a kwatangwalo.

Game da haihuwa akwai buƙatar lura. Mai shayarwa takan rasa wani ɓangare na ƙashinta a watannin farko, amma yakan dawo bayan yaye, don haka shayarwa ba abin tsoro ba ce. Damuwar tana kan yarinyar da ta ɗauki ciki alhali ƙashinta bai gama ginuwa ba, da kuma matar da ke yin kunika a kan abinci maras gina jiki. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun riga sun haihu ko suna da ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa masu ciki giram 1.5 zuwa 2 na kalsiyam a rana a inda abinci ke da ƙarancinsa, domin rage hawan jinin masu ciki da ke kai ga jijjiga. Amma wani gwaji a Gambiya da aka wallafa a 2010 ya zo da abin mamaki: matan da aka ba miligiram 1,500 a lokacin ciki sun fi takwarorinsu raunin ƙashin kwatangwalo a lokacin shayarwa. Darasin shi ne a sha ƙwayar kalsiyam bisa umarnin asibiti, kuma Najeriya ta yi nata binciken a kan matanta.

Allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wato Depo-Provera, ita ma tana rage kaurin ƙashi, abin da ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanya mata gargaɗi a 2004. Sai dai yawancin abin da aka rasa yakan dawo bayan an daina, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu dalilin hana mata 'yan shekara 18 zuwa 45 amfani da ita. Abin da ya dace shi ne ma'aikaciyar jinya ta san sauran haɗurran da ke tare da mace kafin ta ba ta shawara.

Haɗarin da ake saye a kemis

A cikin duk abubuwan da ke cinye ƙashi, wanda ya fi sauƙin kaucewa shi ne shan magungunan sitiroyid ba bisa ƙa'ida ba. Deksametason da firednisolon magunguna ne masu ceton rai ga masu asma da wasu cututtuka, amma shan miligiram 5 na firednisolon a kullum na tsawon wata uku ya isa ya ƙara haɗarin karaya. A kemis-kemis da wajen masu tallar magani ana samun su ba tare da takardar likita ba. Wasu 'yan mata suna shan su don neman ƙiba, wasu dattawan mata kuma don ciwon gwiwa da baya. Kumburin fuska da jiki da ake murna da shi alama ce ta illar maganin.

Man bilicin shi ma yana cikin lissafi, domin wasu nau'o'insa na ɗauke da sitiroyid masu ƙarfi irin su kulobetasol, waɗanda ke ratsa fata su shiga jini idan ana shafe jiki da su shekara da shekaru. A 2023 Shugabar Hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. An fi magana a kan illarsa ga fata da ƙoda, ba a cika ambaton ƙashi ba.

Akwai kuma cututtukan da ke tafe da raunin ƙashi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake haihuwar kimanin jarirai 150,000 da cutar a shekara. Ciwon suga, amosanin gaɓɓai, ciwon ƙoda da yawan aikin ƙululun maƙogwaro duk suna ciki, haka wasu magungunan farfaɗiya da na sankarar mama. Ƙwayar cutar HIV, wadda binciken ƙasa na 2018 ya nuna ta fi yawa a mata, tana raunana ƙashi, kuma tenofobir, ɗaya daga cikin magungunanta na sahun farko, yana ɗan ƙara raunin. Wannan ba dalilin barin magani ba ne, sai dai dalilin sa ido. Taba, shisha da barasa su ma suna rage ƙarfin ƙashi.

Abin da karaya ke jawo wa gida

Ko a ƙasashen da ake yin tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a kwatangwalo yakan rasu cikin shekara guda, da yawa daga cikin waɗanda suka tsira kuma ba sa komawa tafiya kamar da. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun jama'a yake fita, tiyatar kwatangwalo tana iya cinye jarin iyali baki ɗaya.

Mazaunin Masaka yana kusa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi da Asibitin Ƙasa na Abuja, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ga mai iya tafiya. Amma kusancin asibiti bai zama ikon biya ba. Kakar da ta kwanta kuwa, sau da yawa ita ce mai rainon jikoki yayin da iyayensu ke wurin aiki, don haka kwanciyarta takan tilasta wa wata mace barin sana'arta.

Mafita

Na'urorin DXA kaɗan ne a ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. Amma tun 2008 Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar da tsarin FRAX, wanda ke ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekara goma daga amsar 'yan tambayoyi, ko babu na'ura. Tambayoyin ba su fi ƙarfin kowace cibiyar lafiya ta matakin farko ba: shekaru, nauyi da tsayi, ko an taɓa karyewa, ko iyaye sun karye a kwatangwalo, ko ana shan sitiroyid, taba ko barasa. Sikeli da awon tsayi da minti biyar sun isa a ware waɗanda ya kamata a tura gaba.

Tsarin doka ma yana nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya da aka sanya wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma an kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021. Abin da ya rage shi ne a shigar da lafiyar ƙashi cikin ayyukan da waɗannan tsare-tsare ke biya. Duk macen da ta haura 50 ta karye a ƙaramar faɗuwa, bai kamata a sallame ta da ɗori kawai ba, domin karayar farko tana ninka yiwuwar ta biyu, kuma akwai magunguna irin su alendironet da ke rage haɗarin. Masu ɗorin gargajiya, waɗanda su ne ke fara ganin majinyata da yawa, ana iya horar da su su riƙa tura irin waɗannan mata asibiti.

A ɓangaren abinci, Ingila ta fara zuba kalsiyam a garin fulawa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Najeriya, wadda ta riga ta wajabta zuba bitamin A a fulawa, sukari da man girki, tana iya nazarin wannan hanya. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka ƙirƙiro a 2024 tana da damar haɗa shirin samar da madara da ciyar da ɗalibai, musamman 'yan mata masu tasowa. Hukumomin kula da magunguna kuma suna da aikin toshe sayar da sitiroyid barkatai.

A cikin gida, gyaran ba ya buƙatar jiran kowa: fitila a hanyar banɗaki, abin riƙewa inda aka shimfiɗa tayil, takalmi maras santsi a lokacin damina, duba idon tsohuwa idan yana ta fara rufe shi, tafiya a ƙasa kullum, da shan hantsi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin da zai ɗauki matar Masaka a shekara 70, a kwanon abincinta na shekara 12 ake fara gina shi.